Sadakar Alhaji Mai Motoci

A duk faɗin Garwa ban san wani mahaluki ba, in ban da ni, da ya taɓa sayen tambur, wato kan sarki, ya biya marubuci, ya kai takarda yana roƙon a yi wa Allah a riƙa karɓar kuɗinsa. Mutane suna rubuta takarda ne don a rage musu ko a yafe musu. Ni na rubuta a karɓa daga hannuna, kuma aka ƙi.

Ni gurgu ne. Na faɗa da bakina don kada wani ya wahalar da kansa wajen nemo kalma mai laushi. Shan inna ya kama ni ina ɗan shekara uku, ya tafi da ƙafafu ya bar min hannaye, kuma ban raina abin da ya bari ba. Da hannayen nan na koyi gyaran agogo, da su na yi aure, da su nake murza kekena mai ƙafa uku. Teburina yana barandar wani shagon atamfa kusa da babbar kasuwa. Mai shagon Bafulatani ne mai ƙarancin magana. Ya ba ni kusurwar barandar ba haya, da sharaɗi ɗaya: kada a buɗe shago da safe kusurwar ba kowa, don shi a ganinsa baranda mai mutum ita ke kiran mai saye. Shekara goma sha ɗaya na yi a wurin. Ban yi arziki ba, amma ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba sai don in karɓi agogo ko in mayar da shi.

Sai shekarun nan da ake kira lakiriz, wato matsin tattalin arziki, suka zo. A rediyo aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, kamar da can a buɗe yake. Albashin ma'aikata ya riƙa ɓatan hanya, kasuwa ta yi sanyi, mai gidan da muke haya a Hausare kuma ya tuna yana bukatar ɗakunansa. Muka kwashe komatsanmu muka koma can bayan Jambutu, inda wan matata yake da fili da ɗaki biyu. Mai ƙafa zai ce ba nisa, kullum haka mai ƙafa yake cewa. Ni a keke awa ɗaya da rabi ce, a zafin Garwa da ba sai an ba kowa labarinsa ba. Gajiyar ba ita ta dame ni ba. In na murza keke tsawon wannan tafiya, hannuna rawa yake yi har azahar, kuma cikin agogo ba wurin hannu mai rawa ba ne. Don haka dole na koma shiga mota.

Motocin layinmu uku ne, tsofaffin ƙananan bas, na wani Alhaji ɗan'uwanmu Bahaushe wanda fatauci ya kawo kakansa daga Kano. Kuɗin mota dala ashirin ne, wato sefa ɗari. Ni dala arba'in nake biya: ashirin tawa, ashirin ta keke, wanda ake ɗaurewa a saman mota a farashin akuya. Ban taɓa ƙorafi ba, direbobi ma ba su taɓa yi ba. Tun daga nesa in sun hango ni suke danna ham. Akwai wani mai karɓar kuɗi a ɗaya daga cikin motocin, mutumin Yagwa, wanda ake kira motoboi ko da yake gemunsa ya yi furfura. Shi ke sunkutata ya ajiye a kujerar bakin taga, yana cewa, “A hankali, a ba patoro hanya!” Wato ni ne maigida. Wanda ke biyan kuɗin mutum biyu ai dole ya zama maigida.

Matsalata ɗaya ce tak. Motar tana tsayawa ne a hayin mayo, wani rafi da ke tsakaninmu da titi, wanda da damina ruwa ne, da rani yashi. Ƙafar keke ba ta jituwa da ko ɗaya. Kullum sai na tsaya a bakinsa ina jiran mai imani ya tura ni, kuma masu imani ba su cika fitowa da sassafe ba. Alhali akwai hanyar jan ƙasa da ta zagaya ta bayan masallaci ta biyo ta cikin unguwarmu. Ni mai agogo ne, na sa an auna min: minti shida take ƙara wa mota. Abin da nake so ke nan a duniya, minti shida.

Matata ta ce, “Ka je ka faɗa wa Alhaji da bakinka, magana ce ta numfashi biyu.”

Na dube ta irin kallon da mai ilimi ke yi wa jahili, na ce, “Ke ba ki san yadda ake zuwa gaban manya ba.”

Ni kuwa na sani, shi ya sa na shiga uku. A wurinmu mai bukata ba ya faɗin bukatarsa da kansa a gaban babban mutum. Dattijo yake samu ya yi masa baki, a tafi da goro, shi kuma ya zauna ya sunkuyar da kai kamar ba shi ake zance ba. Na sayi goro mai kyau, fari da ja, na roƙi limamin unguwarmu, na bayyana masa zancen mayo da hanyar jan ƙasa har sau biyu. Ya ce in bar komai a hannunsa. Ran Juma'a bayan la'asar muka tafi mu uku, ni da liman da wan matata, muka sami Alhaji a zaurensa cikin jama'a.

Gaisuwa kaɗai ta ci kusan minti goma. Sannan liman ya gyara murya. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai baki, kuma ya yi niyyar ya tausasa zuciyar Alhaji kafin ya kawo bukata, kamar yadda ake jiƙa ƙasa kafin shuka. Sai dai ya jiƙa ta har ta zama taɓo. Ya fara daga ranar da ciwo ya kama ni, ya ba da labarin hawayen mahaifiyata wadda bai taɓa gani ba, ya kwatanta yadda nake ja da hannu cikin rana, ga iyali, ga lakiriz, ga tsadar gero. Ni kaina da nake saurare sai da tausayin wannan bawan Allah ya kama ni, kafin na tuna ni ne. Ina ta jiran ya iso bakin mayo, amma bai ko doshi wajen ba.

Alhaji ya share ido da gefen rawani, ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ya isa. Ku shaida, daga yau duk wani gurgu ko makaho da ya shiga motata, shi da kekensa da sandarsa, kyauta ne. Sadaka ce ga iyayena. Duk yaron da ya karɓi ko dala ɗaya a hannunsu, a bakin aikinsa.”

Zaure ya ɗauki kabbara. Na buɗe baki zan ce ranka ya daɗe ba wannan ya kawo ni ba, sai wan matata ya mintsine ni a cinya. Ƙafar ba ta tafiya, amma mintsini tana jin sa sarai. Kafin in farfaɗo liman ya ce a yi fatiha, kuma kowa ya sani in an shafa fatiha magana ta ƙare. Haka na shafa tare da su. A hanyar komawa liman yana ta murna, yana cewa mun je neman allura mun samo garma.

Abin da Alhaji bai tuna ba, ko ya tuna ya ga ba wurin faɗa ba ne, shi ne yadda ake aiki da motocinsa. Kowane direba yana kai masa ƙayyadadden kuɗi duk yamma, an samu ko ba a samu ba. Abin da ya saura shi ne na mai, da na direba, da na motoboi. Ke nan lada na Alhaji, asara ta direba. Cikin kwana uku aka kira mai fenti ya rubuta da Faransanci a bayan kowace mota cewa nakasassu kyauta ne. Rubutu ne mai kyau, shuɗi da fari. Na karanta shi sau ba adadi, domin daga ranar bayan mota ne ɓangaren da na fi gani.

Direbobin da ke hango ni tun daga nesa, duk sai ciwon ido ya kama su lokaci ɗaya. In sun zo daidai inda nake, wannan ya tuna yana son kallon sama, wancan ya tuna madubinsa yana son gyara. In kuwa dole ta sa an tsaya don wasu fasinjoji, sai a yi min ihu ta taga: “Komple! Komple!” wato mota ta cika. Ina ganin kujeru uku ba kowa, amma wa ya san ko aljanu ne suka biya. Wani direba mai ladabi har yakan leƙo ya ce min “Munyal,” haƙuri ke nan da Fulatanci, sannan ya bule ni da hayaƙi.

Sai na yi dabara, na riƙa ɗaga kuɗin sama don su ga ba kyauta nake nema ba. Wata safiya ina bakin titi, hannu a miƙe da dala arba'in a tafina, wata mata ta zo wucewa. Ta tsaya, ta kwance bakin zani, ta ɗora min dala biyar a kan nawa, ta ce in sa ɗanta a addu'a zai yi jarrabawa. Kafin in sami bakin magana ta yi nisa. Na daɗe ina kallon kuɗin nan. Shekara talatin da wani abu ina guje wa wannan rana, sai ga shi alheri ya kawo ni gare ta. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma ban gaya wa matata ba sai bayan shekaru.

Ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Akwai wani makaho mai tufka igiya da yake bin motocin nan da kuɗinsa tun kafin in san layin. Da ya ji ta dalilin wa aka daina ɗaukarsa, sai da ya sa aka kawo shi har teburina don ya yi min godiya. Ba zan rubuta kalmomin godiyar a nan ba.

Motoboi mai furfura shi kaɗai ya zo ya same ni a kasuwa, ya tsuguna gefen tebur ya ce, “Patoro, kada ka riƙe ni a zuciya. In na karɓi kuɗinka wani ya kai gulma, a ce na ci sadakar iyayen Alhaji, an kore ni. In na ɗauke ka kyauta, ga kujera, ga saman mota, ga lokacin ɗaure keke, direba zai cire daga abincina. 'Ya'yana biyar. Kai ka zaɓar min.” Na so in ji haushinsa, na nema ban samu ba.

Na koma murza keke. Ina isowa da hantsi, jiki sharkaf, hannu yana kaɗawa. Wata rana wani mai fataucin shanu daga Tuboro ya kawo agogon mahaifinsa, ya ce sauri yake yi, motarsu za ta tashi kafin azahar. Ya kamata in bar shi sai hannuna ya natsu, amma na ji kunyar cewa ba zan iya ba. A cikin agogo akwai wani siririn ƙarfe a nannaɗe, bai fi kaurin gashi ba, shi ne ransa. Hantsakina ya zame ya lanƙwasa shi. Ban taɓa ɓata agogon mutum ba sai ranar. Mai shagon atamfa yana kallo daga ciki. Da yamma ya fito ya tsaya a kaina, ya ce, “Jam na?” Na ce lafiya lau. Ya ce, “Kusurwar nan tana kaiwa hantsi ba kowa. Ɗan ƙanwata yana son wurin sayar da kaset. Ban ce masa to ba. Mu ga ƙarshen wata.”

Na garzaya wurin liman na ce mu koma, a gaya wa Alhaji ya janye. Ya kama haɓa ya ce, “Subhanallahi! Ana mayar da hannun kyauta? Sadakar mamata, an shafa fatiha a gaban jama'a? Kana so a ce mutanen unguwarmu ba su da tarbiyya?” Tarbiyyarmu kam ta tsira. Da na dawo gida matata ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dai ajiye min tuwo ta ce, “Ci, masanin zuwa gaban manya.”

Tunda hanyar Hausa ta kai ni ta baro, sai na ce bari in gwada ta Nasara. Alhaji yana da ɗa da ya yi karatu a Yawunde, an buɗe masa ofis a tasha, da tebur da fanka. Ya saurare ni yana juya biro a yatsa, sannan ya ce shi ba ya aiki da maganar baki, sai in kawo demand, wato takardar roƙo, da tambur a manne. Motocin ubansa ne, ba na gwamnati ba, amma wanda ya sha karatu ai dole ya nuna inda kuɗin makaranta ya tafi.

A ƙofar ofishin magajin gari akwai masu rubuta wa mutane takardu a ƙarƙashin bishiya. Na zaɓi wani tsoho mai tabarau. Ya dubi kekena, bai ko tambaye ni ba ya hau rubutu. Faransancina na kasuwa ne, amma na gane kalmar taimako in na gan ta. Na ce ba taimako nake nema ba. Ya yaga, ya sake, wannan karon ya roƙa min ragi. Na ce ba ragi ba, so nake in biya cikakke, har da na keke. Ya cire tabarau ya dube ni da kyau, ya ce tun da yake wannan aiki bai taɓa rubuta irin wannan ba, kuma ba ya son a ga rubutun hannunsa a takardar mahaukaci. Sai da na biya shi kuɗin takarda uku. Tambur ɗin kuwa ya ci kuɗin motar kwana biyu da wani abu, na lokacin da nake da gatan biya.

Abu biyu takardar ta roƙa. Na ɗaya, a bar ni in biya kamar kowa. Na biyu, mota ta riƙa zagayowa ta hanyar jan ƙasa. Ɗan Alhaji ya karɓa ya buga mata hatimi, ya ce, “Repase demen,” wato in dawo gobe. Goben nan sai da na je mata sau biyar, kowane zuwa a kan hannuna.

A zuwa na shida ya tarbe ni da fara'a. Ya ce ya je da kansa ya ga unguwarmu, ya ga ta cika da mutane, kuma duk masu biya ne, saboda haka an amince da sauya hanya daga ran Litinin. Har ya yaba min, ya ce ina da kan kasuwanci. Batun biya kuwa, ya karanta wa mahaifinsa, tsohon ya yi hawaye, ya ce ga talaka mai zuciya, amma abin da ya ba Allah ba ya karɓewa. Ya kuma ce a ba ni rabin buhun shinkafa. Mun ci shinkafar, ba zan yi mata ƙarya ba, ta yi daɗi.

Ran Litinin mota ta biyo ta bayan masallaci tana ham. Inda ya fi dacewa ta tsaya kuwa shi ne gindin darbejiyar da ke ƙofar gidanmu. Kafin mako ya zagayo wurin ya sami suna, tashar mai agogo. Maƙwabta suka riƙa shigowa suna sa min albarka, mata sun huta da ratsa yashi da kaya a ka, liman ya ambace ni a wa'azi. Kowace safiya ina fitowa in tarar da su a layi, mu gaisa, mota ta zo, su shiga ɗaya bayan ɗaya. Daidai lokacin da ƙafar kekena ta gaba za ta kai bakin ƙofa, sai motar ta cika. Maƙwabtan kirki ne, amma kowa yana sauri, kuma ɗaure keke yana cin lokaci. Sai su ce, “Allah ya kawo ta baya,” su juya suna kallon ɗaya tagar. Da can sai na ratsa mayo kafin a ƙi ɗaukata. Yanzu an sauƙaƙa min, har gida ake zuwa a ƙi.

Mai shagon atamfa ya yi min kara, ya ƙara mako biyu a kan ƙarshen watan. Ranar da ya zo zai yi magana na ga bakinsa ya yi nauyi, sai na riga shi. Na ce na gode da shekara goma sha ɗaya. Ya ce, “Useko,” shi ma yana godiya, ya koma ciki da sauri. Na tattara hantsaki da ƙananan sukundireba da gilashin ido na zuba a jaka. Na yi baƙin ciki ranar. A wannan kusurwa ce mutanen Garwa suka san ni da mai agogo. Ko'ina ban da nan, gurgu ne sunana.

Saura tebur. Na katako ne mai nauyi, da gilashi a gaba, ba ya ɗaukuwa a keke. Mai kaset, wanda ya ƙagu in tashi, ya taimaka ya fitar da shi bakin titi. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga motar layinmu. Direba ya hango kaya, ya taka birki tun daga nesa, idonsa ya warke sarai. Motoboi mai furfura ya diro, ya ga tebur, ya gan ni, ya tsaya.

Na ce, “Nawa ne kai teburin nan tashar mai agogo?”

Ya ce, “Dala ashirin, patoro.” Muryarsa can ƙasa.

Na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, bai yarda mun haɗa ido ba. Rabon da wani a motar nan ya karɓi kuɗina an fi wata biyu. Suka ɗaga teburin su biyu, a hankali, ana cewa a kula da gilashi, aka shimfiɗa masa buhu, aka ɗaure shi da igiya sabuwa. Kujerar bakin taga ba kowa. Na gan ta, shi ma ya ga na gan ta. Direba ya danna ham.

Na bi bayansu ina murzawa, ina karanta rubutun nan shuɗi da fari har ya ɓace min a kwanar kasuwa. Da na iso gida la'asar ta yi sanyi. Na tarar da teburin a gindin darbejiya, ko ƙwarzane babu, matata tana tsaye kusa da shi ta ɗora hannu a kansa. Ta ce ya fi awa ɗaya da isowa.